Tsakanin Aksil da Surukina

Tun da aka buɗe gidan ɗaga ƙarfen nan na Dabokpa hanyata ta zuwa masallaci ta ƙara tsawo, don ba na iya wucewa ban leƙa ba. Madubi tun daga ƙasa har rufi, kiɗa kamar ana biki, samari kowa ya ɗaure ƙugu da bel mai faɗin tafin hannu. Rannan na tsaya a bakin ƙofa ina kallon wani ƙato. Ya sunkuya a kan ƙarfe, bayansa ya yi doro kamar kyanwa ta ga kare, ya fizgo shi da ƙarfin tsiya, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Na ce, "Ɗana, wannan bayan naka ne ko aro ka yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Baaba, dedilif ne kawai. Ka ɗauka daga ƙasa, ka ajiye, finish. Ba wani sikul a ciki." Abokansa suka taya shi dariya, ɗaya ma ya miƙo mini kujera wai kar in faɗi.

To na karɓi kujerar, ku kuma ku saurara. Ku dedilif kuke ce masa, mu ɗagan ƙasa muke kiransa, kuma ba don mu ga ƙwanjinmu a madubi muke yi ba. Tuwonmu ne. Shekara talatin da wani abu na yi ina dako a Tamale, kuma sau ɗaya tak bayana ya ci amanata, shi ma ni na fara cin tasa.

Buhun gishiri ne ya fara koya mini hankali. Ana saura shekara guda a sauke tutar Turawa, ina saurayi dogo, ina cin tuwon mutum uku, fataucin goron da babana ya gada daga kakanninmu na Kano kuma ya ja baya. Sai na nufi siton kamfanin da ke sayen gyaɗa da ƙwarar kaɗanya, kusa da tashar lori, na ce ina neman dako. Aka nuna mini shugaban 'yan dako, Saje Sumani. Na zaci zan ga wani basamude. Sai ga ɗan guntun Badagombe siriri, tsohon sojan yaƙin Bama, kansa bai wuce kafaɗata ba, Hausarsa irin ta bariki. Ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna wani buhun gishiri da ya sha ruwa a ƙetaren Yeji, ya ce, "Dogo, ɗaga."

Na miƙe ƙafafu zar, na sunkuya, na kama kunnuwan buhun, na fizga. Abin da ya motsa a wurin hulata ce kawai, ta faɗo ta gangara ƙarƙashin lori. Na sake, idona ya yi duhu. Saje ya ture ni gefe, ya matso har ƙaurinsa ya taɓa buhun, ya ja numfashi, ya tashi da shi sai ka ce matashin kai ya ɗauka.

"Kaya wanda yana kan mota, shi yana da rai," in ji shi. "Kana juya shi yana bin ka. Wanda yana ƙasa ya mutu, ba zai taimake ka ko kaɗan ba. Kai dogo ne, hanya naka yana da nisa. Ka zo gobe."

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ƙugiya ta kama buhu, gammo, ɗamarar saƙi da muke naɗawa sau uku a ciki, da gwangwanin toka na goge gumin hannu. Takalmi kuwa haramun ne wurin Saje, ya ce mutum ba ya taka ƙasa da katifa a ƙafa ya yi zaton ƙasa za ta riƙe shi. Abin da ya fi duka daraja shi ne lamba, wata 'yar tagulla mai huji da ake ratayawa a wuya. Mai lamba shi ke da lodi a sito kullum. Marar lamba sai ya zauna bakin tasha yana jiran wata tsohuwa ta zo da kwandon kubewa.

A bayan siton, ƙarƙashin bishiyar nim, akwai aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyi, na wata lori da ta mutu a hanyar Yendi. Saje ya sa makanikai suka daidaita shi, aka zura masa gangunan birki gefe da gefe. Gwaggo muke kiranta, don kowa sai ya rusuna mata, ita kuwa ba ta amsa wa kowa. A soja Saje ya ga ana ɗaga ƙarfe, ya dawo da aƙidar cewa duk wanda bai iya ɗaga ƙarfe daga ƙasa ba, buhu zai kashe shi kafin furfura.

Wata guda cur ban taɓa Gwaggo ba. Taɓarya Saje ya aro wurin masu daka, ya ɗaura mini a baya da igiya, ta taɓa ƙeya, ta taɓa tsakanin kafaɗu, ta taɓa ƙashin ƙugu. In na sunkuya wuri ɗaya ya rabu da taɓaryar, sai in ji bulala a cinya. Matan tasha har barin tallarsu suke yi su zo kallo. Da ya ga na ƙi ganewa, sai ya ce, "Kana salla?" Na ce ina yi. "Yi ruku'u." Na yi. Ya ɗora moɗa cike da ruwa a tsakiyar bayana, ko ɗigo bai zuba ba.

"Ka gani? Afa, malamin ka, ya koya maka ruku'u mai kyau. Amma in ka ga buhu sai ka manta addini. Wannan baya na salla shi nake so. Yanzu lanƙwasa gwiwa kaɗan. Ɗuwawu baya! Baya na ce! Kamar kana riƙe da tire kana so ka rufe ƙofa da shi."

Wannan kalma, ɗuwawu baya, na ji ta ya fi sau dubu, kuma ita ce rabin sana'ar. Sauran rabin ga shi, ku da kuke cewa ba makaranta a ciki. Ƙarfe ya tsaya bisa tsakiyar ƙafarka, ƙauri na shafarsa. In ya yi nisa da kai ko da taƙi ɗaya ne, nauyinsa ya ninka, kuma bayanka ne zai biya. Shi ya sa ake gane ɗan dakon Saje ta ƙaurinsa, duk saɓa da tabo. Ka cika cikinka da iska har ɗamara ta matse ka, ka riƙe, ba a kumatu ba. Ka buɗe ƙirji. Ba a fizga. Ka ja a hankali har ka ji ƙarfen ya ce ƙit, wato ya farka, sannan ka tashi. Kuma ko tashin ba da hannu ake yi ba, hannu igiya ce kawai. Saje cewa yake, "Kar ka ja ƙarfe. Tura Tamale ƙasa." In ka miƙe ka tsaya kamar mutum, ba sai ka kwanta baya kana nuna wa sama cibiya ba. Saukewa kuma ta hanyar da ka hau.

Injin niƙan wani Alhaji na Bulpiela shi ne aikin da na fara sanin amfanin wannan wahala. An sauke shi daga lorin Kumasi a ƙasa tsirara, ba katako a ƙarƙashi, ba wurin zura hannu sai wasu ƙarafa biyu. Alhaji na tsaye da lema yana cewa a hankali, Ingila aka ƙera shi. Mu huɗu muka kama, Saje ya ƙirga irin ta soja, muka tashi da shi lokaci ɗaya muka ɗora a amalanke. Alhaji ya dubi injin, ya dube mu, ya ce ashe ma ba shi da nauyi, ya rage ladan da ya yi niyya. Daga ranar muka koyi yin nishi ko da abu ya zo da sauƙi.

Masu kaya iri-iri ne, amma ba wanda ya taɓa yarda kayansa na da nauyi. Akwai Mma Azara mai doya, wadda kullum rantsuwarta gare ni, "Iddi, kwando na ba komai, ko yaro zai ɗauka." Sau biyu ina samun dutsen niƙa a ƙarƙashin doyar. Na uku kuwa tunkiya ce a ɗaure, sai da muka kai tsakiyar kasuwa ta yi kuka a kaina. Saboda irin su Saje ya kafa doka: ba a ɗaga kaya sai an taɓa shi da ƙafa an ji amsarsa.

Ranar da aka sauke tutar Turawa mu muka yi lodin bencina da sandunan tuta zuwa fili, mu muka dawo da su. An yi kiɗa, an yi rawa, mun ci shinkafa kyauta. Washegari na taɓa buhun gyaɗa da ƙafa in ji ko 'yancin ya shafe shi, na tarar yana nan yadda yake. Abin da ya canja dai Baturen sito ya tafi, aka kawo manaja ɗan Kudu mai farin gajeren wando da doguwar safa, mutumin kirki, sai dai bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro ba.

A wannan tsakanin na auri Sanatu, 'yar Mba Yakubu, wani manomi a Kukuo. Ku yaran yanzu da kuke miƙa wa surukanku hannu kuna tambayarsu labarin ƙwallo, sai na yi muku bayani. A lokacinmu in ka hango surukinka, tun daga nesa za ka tuɓe takalmi. Ka tsuguna, idonka a ƙasa, yana gaishe ka kana amsa naa, naa, har ya gaji. Ba ka tsayawa a kansa, ba ka haɗa ido da shi, ba ka juya masa baya. In za ka tafi da baya-baya za ka ja har ka sha kwana. Ni kuma da nake Bahaushe a gidan Dagomba sai na ninka, don kar a ce baƙo bai da tarbiyya. Shekara biyu da aure, da za a jera mini dattawa biyar a ce in nuna surukina, ta ƙafa zan gane shi, babban yatsansa na hagu ba farce.

Sai muguwar shekara ta zo. Ruwa ya ɗauke gyaɗa na fure, aka tono kwanso ba ƙwaya. Kaɗanya ma ta ƙi 'ya'ya. Siton da da ba ka ganin bangonsa don buhuna, ya koma in ka yi tari sai ya amsa maka. Manaja ya kira Saje ya ce cikin lambobi ashirin, guda takwas kaɗai za su rage, ya zaɓa. Saje ya ce shi ba zai zaɓa ba, rabinmu danginsa ne, sauran rabin kuma sun san gidansa. Gwaggo ce za ta zaɓa. Za a ƙara mata ganga ɗaya kowane gefe, ranar Juma'a bayan an sauko, duk wanda ya miƙe da ita tsaf ya riƙe lambarsa.

Ban damu ba, don na taɓa ɗaga wannan nauyin sau biyu. Amma Sanatu na da ciki, hatsi ya yi tsada, kuma na san abin da zaman bakin tasha ke nufi a shekara irin wannan. Lambar nan ita ce tukunyar gidana.

Labari ya bazu, ranar Juma'a bayan sito ya cika kamar za a yi dambe. Mutum bakwai suka ɗaga kafin a zo kaina, wasu da yawa suka kasa. Saura lamba ɗaya, tawa. Aka kira Dogo. Na naɗa ɗamara, na shafa toka, na tako gaban Gwaggo, na daidaita ƙafa. Na waiwaya ƙasa ta tsakanin ƙafafuna don in ga ko ba dutse, sai idona ya sauka a kan wani babban yatsa marar farce.

Mba Yakubu ne. Ya ji ana maganar abincin 'yarsa, ya tako tun daga Kukuo, mutane kuma don girmamawa suka ba shi wuri mafi kyau, benci a inuwa, daidai bayan mai ɗagawa. Tsakanin fuskarsa da inda Saje ke so in tura abin da yake cewa in tura, bai fi kamu biyu ba.

Na saki ƙarfe na zagaya ɗaya gefen. Nan zan fuskance shi, ƙirji a buɗe, wanda shi ma rashin kunya ne, amma na ce zan runtse ido. Na sake daidaita ƙafa, na leƙa baya. Mma Ayishetu, uwar Sanatu, ta ga taro ta kawo ƙosai. Tana zaune a 'yar kujerar tsuguno, wato ita ce ma ta fi dacewa da tsayin abin. Na koma gefen farko. Na sake komawa na biyu.

"Dogo!" in ji Saje. "Ɗawafi kake yi? Ɗaga ko ka ba ni lamba!"

Na tsaya gefen Mba Yakubu, na yanke shawarar da ta fi kowace wauta a rayuwata. Na ce zan raba, rabi ladabi rabi aiki. Na maƙale ɗuwawu ciki kamar karen da aka kora, na sunkuyar da kai irin na gaisuwa, bayana ya yi baka. Da na maƙale haka gwiwoyina suka turo ƙarfen gaba, ya bar ƙaurina. Na ji Saje ya fara cewa "Kai, kai," amma na riga na fizga. Gwaggo ta taso har gwiwa. Sai na ji ƙas a ƙasan bayana, kamar an taka busasshen kara, wata wuta ta bi ƙafata ta dama har diddige. Ƙarfe ya tafi gabas, ni na kife da fuska a ƙasa. A amalanken da muke kai buhu aka kai ni gida.

Saje ya cire lambar daga wuyana, amma bai ba kowa ba, ya jefa a aljihu. Ya ce wa manaja aiki bai kai na mutum takwas ba tukuna, sai nan da wata uku in lorin doya sun fara. Ranar za a sake gwadawa tsakanina da Awudu, wani ɗan dako da ƙiris ya rage ya miƙe da ita. Awudu 'ya'yansa huɗu, kuma ba wanda zai ce bai cancanta ba.

Sati uku ina rarrafe. Mai ɗori ya zo ya murza ni da man kaɗe har na kira sunan kakata. Wanzami ya yi mini ƙaho goma sha biyu. Salla a zaune, atishawa kuwa sai na yi addu'a kafin ta zo. Duk ranar kasuwa sai ga ƙwaryar masara daga Kukuo, daga rumbun da shi ma bana rabi ya samu. Wannan masarar ta fi ciwon bayan ci mini rai. Ina cin tuwonta ina jin kunya.

Saje ya zo dubiya ya zauna bakin tabarma. Ya ce, "Shekara huɗu ina koya maka. Ranar nan wa ya shiga jikin ka?" Na ce tsautsayi ne. Ya ce tsautsayi ba ya zagaya aksil sau uku. Sanatu na bakin ƙofa tana tsince wake, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta dube ni, ta dubi sama tana lissafin wanda ya zauna ina, sai ta fashe da dariya har wake ya watse, har shaƙuwa ta kama ta. Na roƙe ta don Allah ta rufa mini asiri. Ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba sai uwarta. Kafin kasuwa ta zagayo, yaran Kukuo na ganina suna kama ɗuwawu suna tsugunawa.

Da na fara miƙewa Saje ya mayar da ni farko, kamar ban taɓa dako ba. Taɓarya a baya, hannu wofi. Bayan mako bokiti wofi, sannan bokiti da ruwa, sannan rabin buhun dusa. Ina ƙorafi cewa lokaci na tafiya, yana cewa in ƙara gaggawa in koma tabarma. Sai a wata na uku ya bar ni na taɓa aksil ba ganga ko ɗaya. Kullum ƙari kaɗan, kuma duk ranar da bayana ya yi alamar doro, ko na ɗaga bai ƙirga ba. Wannan ku riƙe, ku masu ƙara faranti a ƙarfe don wata budurwa ta shigo: nauyin da ka ɗaga da mugun baya ba naka ba ne.

Ana gobe gwaji na je wurin Saje na ce alfarma ɗaya nake nema, a kwashe bencin nan. Ya kwashe duka, har na masu shayi. Na aika a gaya wa Mma Ayishetu cewa an hana talla a bayan sito. Na kwana da kwanciyar hankali.

Da hantsi jama'a suka taru, sun fi na farko, don yanzu kowa ya san abin da ya zo gani. Awudu ya fara. Ya tashi da Gwaggo ta wuce gwiwa, ya tsaya yana rawa kamar lori a kan tudu, ta ƙwace. Saje ya ce yana da sauran gwaji ɗaya bayan nawa, kuma kowa ya ga na biyun zai iya zuwa. Na naɗa ɗamara, na shafa toka. Sai na ji taro ya yi tsit, sannan aka fara ƙus-ƙus. Mutane suka dare. Wani yana tahowa a hankali, yana jan abu a ƙasa. Mba Yakubu ne, ya zo da kujerarsa daga gida. Ya dasa ta a bayana, kusa fiye da wancan karon, ya zauna.

Na zube na tsuguna. "Mba, dasiba."

"Naa. Bar gaisuwa." Da Hausa ya yi maganar, don kowa ya ji. "Iddi, wata uku kana cin masara na. Rumbu na ya kusa ga ƙasa. Matar ka yana da ciki. Aka ce mini wai sabili da ni ka karya baya. Gaskiya ne?"

Na ce, "Mba, ladabi ne."

"Ladabi." Ya yi tsaki. "Na ba ka yarinya na gaba ɗaya, mazaunin ka ne zai gagare ni kallo? Tashi ka kama ƙarfe."

Na tashi na kama, kuma wallahi jikina da kansa ya fara maƙalewa. Sai na ji ya ce, "Saje, yaya ne daidai?" Saje ya ce, "Baya, Mba. Baya sosai." Mba Yakubu ya miƙo sandarsa, ya tsayar da kanta a iska a bayana.

"Ka kawo shi nan har ya taɓa sanda. In bai taɓa ba, ni zan kai sanda wurin shi."

Taro ya kece. Manaja ya riƙe ciki, Awudu kansa sai da ya zauna a ƙasa. Ni kuwa na ga ba sauran abin da zan ɓoye a garin Tamale. Na tura baya, na tura, har na ji kan sandar. A daidai nan komai ya koma wurinsa. Ƙarfe ya manne da ƙauri, ƙirji ya buɗe, baya ya shimfiɗe. Na cika ciki da iska har ɗamara ta yi ƙara. Na ja a hankali, Gwaggo ta ce ƙit. Na tura ƙasa da ƙafa biyu. Ta taso tana goge mini fatar ƙauri, ta wuce gwiwa, ta hau cinya, na miƙe tsaf. Ban ji komai a baya ba, ko ɗis. Saje ya bar ni a tsaye har ya ƙirga uku, sannan ya ce sauke. Na sauke ta yadda na ɗauko ta.

Awudu ya sake gwadawa, dariya ta riga ta cinye masa ƙarfi, ko gwiwa ba ta kai ba. Ya zo ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya sa albarka, kuma da doya ta yi yawa Saje ya nema masa wuri a tashar Bolga. Saje ya ciro lambar ya rataya mini.

Na juya zan zube in yi godiya, sai na makara, Mba Yakubu ya riga ya tashi. Ina tsaye, ba shiri idona ya sauka a kansa, karo na farko tun da na auri 'yarsa. Ya tashi daga kujerar amma tsawonsa bai ƙaru da wani abu ba. Bayansa a lanƙwashe yake tun daga ƙugu, sai ya karkata wuya kafin ya ga fuskar mutum. Haka ya tako daga Kukuo, sau biyu, na biyun yana jan kujera. Dariyar da ke bakina ta tsaya, na ji kunya irin wadda ba ta tsugunawa ba.

Ya karkato wuya ya dube ni. Ya ce, "Ka gani? Nawa fartanya ne ya lanƙwasa shi, amma fartanya ya ciyar da gida. Kai kana so ka lanƙwasa naka sabili da ni. Me zan ci a ciki?"

Na ce, "Mba, bari in ɗaukar maka kujerar."

"Ɗauka," in ji shi, ya juya ya kama hanya. "Da baya mai kyau. Kuma daga yau rumbu na a rufe yake."